Neman Goggo Hanne a Jidda

Tun da na dawo daga Umara abokaina na majalisar ƙofar gida ba su bar ni na huta ba. Wannan ya ce yaya Jidda, wancan ya ce da gaske ne na ɓata a can har sai da wani tela ya tsince ni. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya ɗauki nasa ya je ya ƙara masa gishiri, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya kowa ya huta. Ban ɓata ba. Amma maganar tela gaskiya ce.

Ibada ce ta kai ni, sai dai akwai saƙo mai nauyi a kaina. Mahaifina Malam Sule ya haura tamanin, ido ya tafi, kunne ma sai an ɗaga murya. Ƙanwarsa guda ce a duniya, Goggo Hanne, wadda ta bi mijinta aikin Hajji ta ƙasa fiye da shekara sittin da suka wuce, tun kafin a haife ni. Sun zauna a Sudan suna noma suna tara guzuri, daga baya suka tsallaka teku. Wasiƙarta ta ƙarshe ta fi shekara ashirin da zuwa, kuma abin da ke bayan ambulan bai wuce sunan wani kanti a unguwar Bagdadiyya ba, sai kalmar Jidda. Ranar da zan tashi Baba ya laluba ya kamo hannuna ya ce, "Tijjani, in tana raye ka haɗa ni da ita, gafararta nake nema kafin in tafi." Na tambaye shi me ya yi mata, ya ce ba da ni zai yi wannan maganar ba.

Na ce masa ya sa ransa a inuwa, kuma da izza na faɗa, domin neman wuri sana'ata ce. Shekara talatin na yi a sashen ƙididdiga kafin in yi ritaya, aikina shi ne in duba ƙananan hukumomin jiha in faɗi waɗanda za a haɗa da babban birni a lissafa su wuri ɗaya. Ba mu muka fara ba, an ce mana a Amurka ma haka suke haɗa gundumomin kowace jiha. Da farko ana neman gari mai cikar jama'a a tsakiya. Sannan a duba maƙwabtansa: idan mutanen wani gari kullum da safe ɗunguma suke yi zuwa birnin neman abinci, da yamma su koma gida, to a lissafi wannan gari na birnin ne, ko da hakiminsa daban, shugaban ƙaramar hukumarsa daban. Na sha tsayuwa a bakin titi da sassafe ina ƙirga motocin da ke shigowa. Mutumin da ya yi wannan aiki, a ganina, tsohuwa ɗaya ba za ta gagare shi ba.

Daga Kano muka tashi. Malamin ayarinmu ya ce gara mu ɗaura harami tun a ƙasa, kada a zo miƙati ana rububin banɗakin jirgi. Na bi shawara, na kuma yi nadama, don sanyin jirgin nan bai san da mai harami ba. Awa huɗu da wani abu na yi ina karkarwa, hannu ɗaya a kan ƙullin zane, ɗaya a kan kofin shayi. Wani dattijo daga Gumel da ke kusa da ni ya ce in yi haƙuri, lada ce ta fara shiga.

A filin jirgin Jidda na'urar ɗaukar hoton yatsa ta ƙi ni har sau uku. Jami'in, saurayi ne mai fara'a, ya miƙo mini wani mai ya nuna in shafa a yatsuna, sannan ta yarda ni ne. Wajen binciken kaya kuma sai ga ƙullin daddawar da maiɗakina Rabi ta cusa a jakata don Goggo. Mai binciken ya buɗe leda, ya kai hanci, ya ja da baya da sauri. Na ce masa abin miya ne. Ya dube ni, ya dubi ledar, ya ɗaure ta da kansa ƙulli biyu, ya ce, "Yalla, ya hajj." Ina jin tausayina ya ji.

Ba zan yi dogon bayani a kan Makka ba. Na ga Ɗakin Allah, na yi kuka kamar ƙaramin yaro, na yi wa Baba addu'a da duk wanda ya ba ni saƙo da wanda bai ba ni ba. Bayan mun gama da Madina na nemi izinin shugaban ayari na riga su dawowa Jidda. Kwana huɗu gare ni kafin jirginmu na komawa.

A Bani Malik na sauka, a wani ƙaramin masauki da wani ɗan Yaman ke kula da shi. Unguwa ce mai cunkoso, kanti a jikin kanti, kuma a layi ɗaya sai ka ji harshe biyar. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne safiyarsu. Na fito ƙarfe bakwai da shirin aiki, na tarar da ƙofofin kantuna a garƙame kamar ana zaman makoki. A Kano a wannan lokaci mai kayan miya ya riga ya yi faɗa da mutum uku. A nan sai mai ful da tamis kaɗai na samu. Ful wake ne da aka dafa ya yi luguf aka kwarara masa mai, tamis kuwa gurasa ce mai faɗin faifai da ake fitarwa da zafi daga tanda. Na ce a ba ni cokali, mai shagon ya yi dariya ya nuna mini gurasar. Na ci na ƙoshi har na ji kunyar kaina.

Na sayi taswirar birnin, na zauna na tsara aiki yadda na saba. Na tambayi ɗan Yaman ɗin da wasu 'yan Najeriya da na gani a masallaci unguwannin da Hausawa suka fi yawa, na jera su daga mai yawa zuwa mai kaɗan, na tanadi jan biro na soke duk wadda na gama. Amma da Bagdadiyya na fara, saboda ambulan. Kantin da ke rubuce babu shi, an mai da wurin shagon gyaran waya, kuma mutumin da ke ciki ya ce shi bai fi shekara uku a ƙasar ba. Na zaga layin sau biyu kamar wanda ya yar da allura, na dawo masauki na soke Bagdadiyya.

Kwana na biyu na ƙarar da shi a Bani Malik. Na shiga masallatai, na tsaya wajen masu tsire, na gaisa da mata masu sayar da turare da goro a gefen hanya. Kowa ya karɓe ni hannu biyu, kowa ya ba ni shayi, har na fara jin zuciyata na bugawa da sauri. Amma da na ce Hanne 'yar Kano matar Malam Isa, sai a girgiza kai. Wani ɗan Jidda haifaffen nan, kakansa Bakatsine, ya ji duk abin da na faɗa sarai, amma da zai ba ni amsa sai ya fara da Hausa ya ƙare da Larabci, ni kuwa Larabcina na allo ne, bai san hanyar kasuwa ba. Da yamma Rabi ta kira ta ce Baba ya tambaya sau uku ko an dace. Na ce ta gaya masa ana kan hanya. Ranar na soke Bani Malik, na kuma fara jin tsoron in koma in tsaya gaban makaho in ce masa ban samu ba.

Rana ta uku na nufi Kurayyat a kudancin gari. A can aljihun rigata ya maƙale a ƙofar motar haya ya yage har ƙasa, dole na nemi tela. Aka nuna mini wani ɗan shago, ciki da wani dattijo baƙi siriri da rawani irin na mutanen Sudan. Na yi sallama da guntun Larabcina, ya amsa, ya dubi hulata ya ce, "Bakano, shigo ka zauna, bar wahalar da kanka." Sunansa Bashir, kowa na ce masa Ammu Bashir. A Sudan aka haife shi, iyayensa mutanen Haɗeja ne da suka taso Hajji hanya ta riƙe su, shi kuma ya shekara arba'in a Jidda bai taɓa ganin Haɗeja ba. Hausarsa irin ta kakanninmu ce, sai dai ta sha Larabci.

Ya ba ni jallabiya na saka, ya hau ɗinkin rigata, ni kuma na zazzage masa damuwata. Har taswirar na shimfiɗa masa a kan tebur, na nuna masa inda na soke da inda ya rage. Ya tsayar da keken ya leƙa ta saman tabarau.

"Wannan jan layin na gefe fa, ya ustaz?"

Na ce, "Iyakar Jidda ke nan, Baba. Abin da ke wajensa ba Jidda ba ne."

"In ji wa?"

"In ji hukuma."

Ya ce, "Tayyib. To ni a wajen layinka nake kwana. Gidana a Bahra yake, kan tsohuwar hanyar Makka. Haya ta yi tsada a nan, da yawanmu can muka koma tun da daɗewa. Kullum bayan Asuba mota ta kawo mu, bayan Isha ta mai da mu. Kafilina, wato ubangidan da ya tsaya mini a hukuma, a nan yake, shagona a nan yake. In na aika wa 'yan'uwana saƙo a Sudan, ce musu nake ina Jidda. Ƙarya na yi?"

Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Abin da na shekara talatin ina koya wa ma'aikata ke nan, har ina yi musu faɗa in suka tsaya a layin taswira suka ƙi zuwa tasha su ga inda mutane ke fitowa. Ga shi na zo garin mutane na yi kwana uku ina bauta wa layi. Na gaya wa Ammu Bashir irin aikin da na yi a gida. Ya yi dariya har da buga keken ɗinki, ya ce, "Kai ne mai haɗa garuruwa, ka zo ka raba mu da namu? La hawla!"

Ya ce kuskurena na biyu shi ne suna. A nan ba a kiran dattijuwa da sunanta, da sunan babban ɗanta ake kiranta, don haka ko maƙwabciyarta ba lalle ta san wata Hanne ba. Ya tambaye ni wata alama. Na tuna Baba ya taɓa cewa tana da tabon ƙuna a bayan hannun hagu, tun suna yara ta faɗa kan murhu. Ya ce shi ba ya kallon hannun matan mutane, amma matan da ke shigowa aiki daga Bahra sun san kowace tsohuwa a can, don su ke yin biki da zaman makoki tare. "Bukra, gobe ke nan, ka same ni inda motocinmu ke sauke mutane, kafin rana ta fito. Halas."

Bai bar ni na tafi ba sai da muka ci abinci. Aka shimfiɗa leda a ƙasa, aka kawo asida da miyar busasshiyar kuɓewa da suke kira weka. Na kai loma ɗaya na ce, "Baba, ai wannan tuwo ne." Ya ce ba tuwo ba ne, asida ce. Muka yi ta musu har kwanon ya ƙare, babu wanda ya sauka daga kan bakansa. Kuɗin ɗinki kuwa ya ce in na sake maganarsa zai farke aljihun.

Washegari, ranar ƙarshe, na isa wurin gari bai gama wayewa ba. Bakin wata gada ce a gabashin birni, babu rumfa babu allo, amma ƙananan motoci sai tsayawa suke suna zazzage mutane: masu gadi, direbobi, masu dafa abinci, mata da baƙaƙen abaya riƙe da ledar abincin rana. Da a bakin aiki nake, da na ce wannan gari ya shiga lissafin birni ba tare da gardama ba. Ammu Bashir ya sauko daga wata mota, ya tsaya gefena yana tare matan da ya sani cikin ladabi. Ta farko ba ta sani ba. Ta biyu ta ce akwai mai tabo amma Babarbariya ce. Muka yi kusan awa guda, motoci suka fara raguwa, ni kuma na fara lissafin abin da zan gaya wa Baba.

Sai ga wata mata mai matsakaicin shekaru, Sa'adiyya, mai dafa abinci a wata makarantar 'yan mata. Ta saurari Ammu Bashir, ta juyo gare ni.

"Tabo a nan?" Ta nuna bayan hannunta. "Wallahi Ummu Salih ce. Jaratna ce, gidanta na jikin namu. Mijinta ya rasu min zaman, tun da daɗewa, Allah yarhamu. Ita ce in ta ji haushi take cewa za ta koma Kano, mu yi ta dariya."

Na ce, "Tana raye?"

"Alhamdulillah! Jiya ma ta yi mini faɗa a kan gishiri."

Na yi hamdala. Sa'adiyya ta kira Salih ɗin a waya, ashe shi ma direba ne a cikin Jidda, ya riga ya wuce ta wannan wurin kafin in iso. Ya ce zai nemi izini wajen aiki ya zo ya ɗauke ni bayan Azahar.

Salih ya zo, ƙato mai furfura a gemu, da goshin Baba sak. Ya rungume ni ya sumbaci kafaɗata, ni kuma na rasa inda zan sa hannuna, don mu a gida musafaha ce kawai. Yana jin Hausa amma ba ya iya mayarwa sosai, sai muka yi tafiyar yawanci shiru, yana ta maimaita "ɗan khali, ɗan khali," wato ɗan kawunsa. Hanyar ba ta kai awa guda ba. Duwatsu ne baƙaƙe da ɗakunan ajiyar kaya, ban ma lura da inda Jidda ta ƙare ba.

Goggo Hanne na zaune a kan darduma a tsakar wani ƙaramin gida, 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa da carbi a hannu. Na durƙusa na gaishe ta yadda ake gaida uwa. Ta kama fuskata da hannu biyu ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Ɗan Yaya Sule ne. Kunnuwan ne." Ta tambayi mutane ɗaya bayan ɗaya, kusan duk sun rasu, tana cewa Allah ya jiƙansu. Ta tambayi ƙauyenmu, na ce birni ya cinye shi, yanzu unguwa ce mai kwalta. Ta ce to gonar Baffa fa? Na ce gidan mai ne. Sai ta ce a kawo mini ruwa.

Da na gaya mata saƙon Baba sai ta yamutsa fuska. "Gafara? Me ya yi mini?" Na ce ni ma bai gaya mini ba. Na kira Rabi, ta kai wayar ɗakinsa ta ƙara murya, ni ma na ƙara tawa na ajiye a kan cinyar Goggo.

"Hanne?" in ji Baba.

"Na'am, Yaya. Ina wuni?"

Sai ya ce, "Hanne, ranar da za ku tafi, haushi nake ji an bar ki ki yi nisa. Na ce ba zan yi sallama da ke ba, na tafi gona. Kowa ya raka ki tasha ban da ni. Shekara sittin abin nan yana cina. Ki yafe mini."

Goggo ta dubi wayar kamar tana ganinsa a ciki.

"Yaya, ai ka raka ni."

"Ban raka ki ba."

"Ka raka ni mana. Ina bayan motar a kan buhuna, na hango ka ka fito ta bayan gari a kan keken Malam Idi, da shuɗiyar rigarka. Ka bi mu har mararraba kana ta taka shi, sai sarƙa ta zame ka faɗi a gefen hanya. Na ɗaga maka hannu, ƙura ce ta hana ka gani."

Sai Baba ya fashe da kuka. Ban taɓa jin mahaifina yana kuka ba sai ranar, kuma ni ma ban tsaya ɓoye nawa ba.

"Ashe kin gani," in ji shi.

"Na gani. Abin da ban sani ba, tun ranar nake son in tambaye ka. Ka ji ciwo?"

"Gwiwa ce kawai na ƙuje."

Goggo ta share ido da bakin mayafinta, ta matso da wayar kusa da bakinta.

"To sannu, Yaya."